Jikokin Ɗan'uba

Da ƙarar ludayi abin ya fara. Ina tsugune a kicin ina tsince shinkafa, sai na ji ana buga bututun ruwan da ya ratsa bangonmu zuwa na maƙwabta, ƙwan-ƙwan-ƙwan, a yi shiru, a sake. Ba mu daɗe da sauka a Alƙahira ba, ban san haka matan benen suke kiran juna ba. Na ɗauka faɗa ake yi mini saboda tarin yarinyarmu, don tun da muka zo ba ta bar kowa ya huta ba. Na goge hannu, na yafa mayafi, na buɗe ƙofa ina haɗa kalmomin ban-haƙuri da ɗan Larabcin da na koya a Islamiyya.

Wata mata ce ƙatuwa a tsaye, ludayin a hannunta, ɗaya hannun riƙe da kofin wani abu mai tururi. Ummu Samir ke nan, maƙwabciyata. Ba ta jira na ce ta shigo ba, ta bi sautin tarin har ɗaki. Ta durƙusa, ta rungume yarinyar, ta sumbace ta a goshi kamar yadda suke yi. Sai na ga ta ɗago tana lasar leɓe. Ta sake sumbata, ta dube ni.

"Malh," ta ce.

Gishiri. Na san kalmar, na kuma san abin da take nufi. Na daɗe da sanin goshin yarinyar nan yana da gishiri, haka na ƙannenta maza biyu da muka binne a Bukuru tun ba su yi wayo ba. Na ɗauka haka zufar kowane yaro take. Ban taɓa lasar ɗan wani ba balle in gwada.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne maigidana ya samu tallafin karatu zuwa Masar. Ɗan kawuna ne, Yaya nake ce masa tun ina ƙarama, aure bai canza wannan ba. Shi ya dage sai mun biyo shi, ya ce ko ba komai likitocin Masar sun fi namu kayan aiki. A gida an gama yi mana fassara. Wasu sun ce mayu ne, wasu sun ce iska ce take bin nonona, an ba ni rubutu na sha, an yi mana turare har labulen ɗakina ya canza launi. Muka zo Madinat Nasr muka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu, tagarmu tana kallon fili mai yashi da wasu benaye da ba a gama ba. Abin da na fi kewa a farkon nan shi ne daddawa da muryar mahaifiyata tana kiran kaji.

Ummu Samir ce ta ja mu zuwa asibitin yara, wurin wani likita dattijo mai farin gashi. Aka nannaɗe hannun yarinyar, aka tara zufarta, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma ya sa Yaya ya zauna, ya yi mana magana da Turanci a hankali, ganin ina fahimta. Ya ce ciwo ne da ake haihuwar yaro da shi, yana daskarar da majina a huhu, yana hana abinci kama jiki. Ya ce sai uwa da uba duk suna ɗauke da irinsa a ɓoye yake fitowa ga ɗa.

"Ku 'yan'uwa ne?"

Yaya ya ce e, kakarmu ɗaya.

"Abin da ya ba ni mamaki," in ji likitan, "wannan ciwon Turawa ne. Da wuya nake ganinsa ga baƙar fata. An fi saninsa a wani tsibiri kusa da Ingila. Akwai Bature a danginku?"

Ni da Yaya ba mu dubi juna ba. Shi ya zuba wa takalminsa ido, ni na zuba wa bango.

Likitan ya koya mini yadda zan kifar da ita a cinyata in riƙa bubbuga bayanta da tafin hannu a lanƙwashe, safe da yamma, har majinar ta taso. Ya rubuta magunguna. Da na tambaye shi ko za ta warke, sai ya cire tabarau ya ce, "Rabbina kabir, ya Madam," wato Allah mai girma ne. Duk wanda ya zauna a Masar ya san lokacin da likita yake faɗin haka.

Akwai Bature a danginmu. Magana ce da ba a yi a gidanmu, amma tana rubuce a jikinmu: ga kawu da jan gemu, ga mahaifiyata da idanu kamar na kyanwa, ga ni da gashin da kitso ba ya kwana uku a kansa. Kakarmu, Iya Tabawa, tana budurwa mai tallar fura a bakin ramin kuza wani Baturen ma'adinai ya gan ta. An ce an ɗaura aure, wai ya musulunta aka raɗa masa Musa, ko da yake ba a samu wanda ya taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba. Ta haifi kawu, ta haifi mahaifiyata, sai ya ce zai je Masar ya gano iyayensa ya dawo. Bai dawo ba.

Sunansa na gaskiya kuwa ya bi Iya Tabawa kabari. Mace ta gari ba ta faɗin sunan mijinta, ita kuwa ta riƙe wannan har ta rasu, ga mutumin da ya tafi ya bar ta da goyo. In ta kama dole sai ta ce "mai gidan nan", alhali gidan ya rushe tun kafin a haife mu. Abin da muka tsinta a bakin tsofaffin leburori kaɗan ne: yana busa wata 'yar sarewar ƙarfe, inji ya cinye masa ƙaramin yatsan hagu, kuma shi ba Ingilishi ba ne, Airish ne. Mu yara muka yi ta dariya, don a Bukuru airish dankali ne. Leburorin suna kiransa Ɗan'uba. Mun ɗauka habaici ne, irin sunan da ake laƙa wa Bature mai mugun hali, don haka in an tsokane mu da "jikokin Ɗan'uba" sai mu yi dambe.

A hanyar komawa gida, cikin motar haya, wani tunani ya kama ni bai sake ni ba. In ciwon nasu ne, to sun daɗe da shi. In sun daɗe da shi, ba za a rasa wata uwa a cikinsu da ta raya nata ɗan ba. Ina so in ga wannan uwar, ko 'yarta, ko jikarta, in tambaye ta me ta ba shi.

Na faɗa wa Yaya bayan ya ci abinci.

"Ke dai ba kya gajiya," ya ce. "Garin nan mutum nawa ne a ciki? Za ki tsaya a bakin titi ki ce wa ya ga Bature mai yatsu tara?"

"Ai ka ce Masar ya zo."

"Shekara nawa ke nan? Turawan ma an kore su tun yaƙin mashigin Suwais. Likita ya faɗi abin da za a yi, mu yi, mu bar wa Allah sauran."

"Na bar wa Allah biyu, Yaya."

Ya ture kwanon gefe. Daga baya ya ce, "Kada ki fita ke kaɗai. Ki tafi da mai ludayi."

Zangonmu na farko Zamalek ne, unguwar ofisoshin jakadanci, inda bishiyoyi suka rufe titi, masu gadi suka fi masu wucewa yawa. Muka sami ofishin mutanen tsibirin. Wani saurayi mai ladabi ya ba mu kujera, ya ba yarinyar alewa, ya ɗauki alƙalami.

"Sunan kakan naki?"

Na ce Musa.

Ya ajiye alƙalamin. Ya ce yana nufin sunan da aka haife shi da shi. Na ce ba mu sani ba, amma ana yi masa laƙabi. Kunya ta hana ni faɗin laƙabin yadda yake, sai na fassara masa da Turanci, na ce ma'anarsa wanda kuka haɗa uba ba ku haɗa uwa ba. Ya yi murmushin tausayi. Ya ce mutanen ƙasarsu da suke waje sun fi na gida yawa, in babu suna ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ya raka mu har bakin titi.

A bakin titin nan wani mutum mai kwat da ƙaramin gashin baki ya tare mu. Ya ce sunansa Ustaz Fatahi, ya ji abin da ya kawo mu, kuma Allah ne ya haɗa mu, don mahaifinsa ya yi wa Turawa aiki, babu kabarin baƙon da bai sani ba a garin nan. Ummu Samir ta ja mayafina ta ce da ni a kunne, "Nassab," wato ɗan damfara. Na ji ta sarai. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mutumin nan ya yi ta yawo da mu har sanyi ya shigo. Yau ya ce mai gadin maƙabarta yana son na shayi, gobe ya ce akwai wani tsoho a Shubra da ya san mai sarewa, in mun je a ce tsohon ya tafi ƙauye, bukra in sha Allah, wato sai gobe. 'Yan kunnena na aure a wannan yawon suka tafi. A ƙarshe ya kai mu maƙabartar Nasara a tsohon gari, ya tsaya gaban wani kabari mai farin dutse, ya ɗaga hannuwa kamar mai addu'a.

"Ga kakanki, ya Madam. Allah ya haɗa jini da jini."

Na durƙusa na share ƙurar. Rubutun ba Turanci ba ne, wasu baƙaƙe ne masu kama da ƙugiya da triangul ɗin da muka yi a lissafi. Akwai hoto a manne cikin gilashi: wata tsohuwa ce mai ɗankwali.

Ummu Samir ta tuɓe silifas ɗinta. Ban taɓa ganin mai kwat ya yi gudu irin na ranar ba, yana tsallake kaburbura tana bin sa da zagin da ban samu a littafin Islamiyya ba. Yarinyar ta yi dariya har dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa. A kan kabarin baiwar Allahn nan da ban sani ba na zauna, na kifar da ita a cinyata ina bubbugawa, leɓunanta sun yi shuɗi. Ƙurar da na shaƙar da ita a yawon nan ta kwantar da ita a asibiti har aka yi Mauludi.

Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Yakan taso daga lacca ya zo ya zauna a gefen gadon da littafinsa a rufe. Wata rana ya ce, "Khalas ko?" Na ce khalas, yawo ya ƙare.

A asibitin nan ne, ina zaune ina yi wa yarinyar tatsuniya, na ji an ce daga bayana, "Sannu da aiki, uwargida. Yaya mai jiki?"

Hausa ce, amma a miƙe kamar sanda, babu hawa babu sauka. Na juya na ga wata Baturiya tsohuwa cikin fararen kaya da lulluɓi, irin matan cocin nan da ba sa aure. Sista Kolumba take, tana zuwa duba marasa lafiya. Ta ce ta yi shekaru tana aikin unguwar zoma a ƙasar Filato kafin a turo ta Masar. Na riƙe hannunta na kasa saki. Tun da na zo, ban da Yaya da matan ɗalibai biyu-uku, ban ji wanda ya ce mini sannu ba.

"Ina kewar acca," ta ce, "da gwate. Mutanen nan komai wake, komai wake."

Da ta ji sunan ciwon sai fuskarta ta canza, ta ce ai ciwon garinsu ne. Nan na kwashe labari na ba ta, har na zo kan laƙabin, na fara fassarawa kamar yadda na saba.

"A'a," ta ce, "bar Turanci. Faɗa mini yadda leburori suke faɗa."

"Ɗan'uba."

"Sake."

"Ɗan'uba. Wasu su ce Ɗan'uban Bukuru."

Ta maimaita a bakinta, ɗan'uban, ɗan'uban, tana kallon silin. Sai ta toshe baki da hannu, dariya tana girgiza kafaɗunta.

"Yarinya, wannan ba zagi ba ne. Sunansa ne. Donovan. Mu a can Danavan muke faɗa, ku kuma ba ku da harafin v sai kuka mai da shi naku."

Duk damben da muka yi a hanyar makaranta, duk kukan da mahaifiyata ta yi a kan kalmar nan, ashe mutane sunan kakanmu kawai suke kira mana. Ni kuma na ɗauke shi har Zamalek na fassara shi na baro.

Sista ta ce sunan yana da yawa a ƙasarsu kamar Musa a namu, kada in sa rai. Amma ta san wata tsohuwa a Masr al-Gadida da suke kai wa ziyara, Madam Nora, wadda ta auri wani mutumin Malta ya rasu ya bar ta. Kafin aure wannan sunan take amsawa, kuma a Bur Sa'id aka haife ta.

Sai da aka sallami yarinyar ta ɗan yi ƙarfi muka je, ni da ita da Sista, cikin jirgin nan mai tafiya a tsakiyar titi da suke kira metro. Yaya ya ce yana da jarrabawa. Na san ba jarrabawar ce ta hana shi ba, ban matsa ba. Na soya cincin na ƙulle a leda, don ba a zuwa gidan dangi hannu rabbana, ko da ba a tabbatar dangin ba ne.

Gidan tsoho ne mai dogon rufi, kujerun an lulluɓe su da fararen zannuwa sai guda biyu. Madam Nora tana zaune kusa da taga, ƙarama kamar tsuntsuwa, idanunta sun yi fari da yana. Tun daga ƙofa haɓar mahaifiyata na gani, da yadda take karkata kai in tana sauraro.

Sista ta yi mata bayani. Tsohuwar ba ta nuna ta ji daɗi ba.

"An sha zuwa mini da labari," ta ce. "Kowa yana zaton akwai abin gado. Babu komai sai kujerun nan. Me kika sani game da shi?"

Na ce yana busa sarewar ƙarfe.

"Rabin mazan ƙasarmu suna busawa."

Na ce ba shi da ƙaramin yatsan hagu.

Sannan ta ɗaga nata hannun hagun, ta lanƙwashe ƙaramin yatsan, ta riƙe shi haka.

"Da ya dawo sai da ya sake koyon busa," ta ce. "Akwai muryar da ba ya iya kaiwa, sai ya tsallake ta ya yi fito da baki. Maikal. Yayana ne. Matso in taɓa fuskarki."

Na durƙusa a gabanta. Yatsunta masu sanyi suka bi goshina, hancina, haɓata. Ta ce ya taɓa gaya mata, sau ɗaya, da ya sha ya bugu, cewa ya baro yaro mai cizo da jaririya a wata ƙasa mai duwatsu. Na ce yaron nan surukina ne yanzu, ya yi furfura, kuma har gobe ba a ja da shi. Ta yi 'yar dariya.

"Me ya hana shi komawa?" na tambaya. Ba don kaina na tambaya ba, don Iya Tabawa ne.

"Tsoro. Mahaifiyarmu ta ce in ya koma kada ya sake kiran ta uwa. Kyakkyawa ne, mai raha, matsoraci. Zazzaɓi ya kashe shi a Iskandariyya lokacin yaƙi, bai sake aure ba. Ba zan yi miki ƙaryar cewa ya mutu yana kiran sunanta ba, ban san me ya kira ba."

Sai yarinyar ta yi tari. Tsohuwar ta juya kai wajen sautin, fuskarta ta sauya gaba ɗaya.

"Kawo ta."

Na tura ta gaba. Madam Nora ta laluba ta kamo kanta, ta sa leɓe a goshinta, ta daɗe. Da ta ɗago ba ta tambaye ni komai ba. Ta laluba aljihu ta fito da carbinta mai gicciye, ta ce in zauna.

Ta fara daga kakan kakanta, Taig, masunci a wani ƙauye a bakin teku, wanda ya ga shekarun da dankali ya ruɓe a ƙasa mutane suka ci ciyawa. Ya haifi tara, yunwa ta ɗauki wasu, gishiri ya ɗauki biyu. Haka take faɗa, gishiri ya ɗauka. Ta ce a ƙauyen in an yi haihuwa kaka ce take fara lasar goshin jariri, in ta juya ta fita ba ta ce komai ba, sai uwa ta fara kuka. Daga Taig sai ɗansa Kon, wanda ya auri 'yar ƙauyen, don a can ma kowa ɗan'uwan kowa ne. Sai ɗan Kon, shi ma Taig. Sai mahaifinta Danyal, wanda ya gudu daga kamun kifi ya shiga jirgin ruwa, ya ƙare yana jan manyan jirage a mashigin Suwais, ya aika gida aka kawo masa mata. Kowane suna tana jan ƙwayar carbi ɗaya, maza da mata, wanda ya tafi Amurka, wadda ta shiga coci, wanda teku ta ci. A kowane ɗaki kuma sai ta rage murya ta ambaci ƙananan da gishiri ya ɗauka: Piita, Eliin, wani Maikal na farko, Nora ta farko wadda ita Madam Nora ta ci sunanta. Biyu daga ciki ƙannenta ne, suna kwance a Bur Sa'id.

Ina ji ina tuna yadda maroƙa suke jero kakannin mutane a gidan biki, mu namu a ɓangare ɗaya yana tsayawa ne a kan mutum ɗaya mai yatsu tara. Ga shi yau an buɗe mini har kakan kakan kaka, amma ba wannan na zo nema ba. Na bari ta kai aya.

"Madam, a cikin masu gishirin, wa ya girma?"

Ta juya ƙwayar carbi a yatsunta.

"Akwai Birjid, 'yar gwaggona. Ita ta fi daɗewa."

"Ta yi aure?"

"An fara yi mata ɗinkin 'yan mata ke nan ta rasu."

"Me uwarta take ba ta?" na ce. "Don Allah ki tuna. Ko mene ne."

"Wata ciyawar teku ce, ana shanya ta a kan dutse, a dafa da madara. Kowa ita yake bayarwa, 'yata. Waɗanda suka daɗe da waɗanda ba su daɗe ba, duk ita suka sha."

Sista ta kama hannuna. Na dubi ledar cincin a kan tebur, na dubi tagar, na rasa inda zan ajiye idona. Na ratsa garin nan daga wannan gefe zuwa wancan ina neman uwa ɗaya da ta san abin da ban sani ba, sai na tarar da layin uwaye har bakin wata teku, kowacce da yaro kife a cinya. Na yi ta maimaita Innalillahi a zuciyata har numfashina ya dawo. Yarinyar ba ta jin Turanci. Tana can tana leƙa ƙarƙashin zanin da aka rufe kujera da shi.

Madam Nora ta ce kullum da safe takan karanta sunayen nan, na raye da na mace, kuma ita ce ta ƙarshe da ta riƙe su. Ta ce ashe reshen Maikal bai bushe ba, in ba ta nasa. Na yi ɗan jim, don addininmu ba ɗaya ba. Sai na ga ba a ce in ce amin ba, kuma zumunci Allah ne ya ce a sadar. Na ba ta Iya Tabawa. Na ba ta kawu da mahaifiyata, tana maimaitawa da ƙyar tana jan carbi. Sunan Yaya Sista ce ta faɗa, ta gane da kanta ba sai na roƙe ta ba. Na ba ta Kabiru da Nafi'u, na ce su ƙanana ne, ta rage murya ta ambace su yadda ta ambaci nata.

"Saura wannan," ta ce. "Yaya sunanta?"

Na buɗe baki na rufe. 'Yar fari ce. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa fita daga bakina ba, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi wa kowa. A gida ma da ba ni zan riƙe ta ba, ciwo da tafiya ne suka bar mini ita. Ga kunya, ga kuma wani abu da ya fi kunya nauyi: ban san da wace murya tsohuwar za ta maimaita shi ba.

Na dubi Sista. Ta san sunan, ta gani a asibiti. Ta kawar da kai tana gyara lulluɓinta.

"Ba ki san sunan 'yarki ba?" in ji Madam Nora.

Na tuna Iya Tabawa da abin da shirunta ya jawo mana.

"Safiya," na ce.

Tsohuwar ta ja ƙwaya ɗaya ta ce Safiya, da cikakkiyar murya, irin wadda ta kira na rayayyu da ita. Ko ta yi haka don ni ne, ko don haka ta gani, ban tambaya ba.

Muka yi sallama, ta ce mu dawo, ta ce cincin ɗin ya fi ƙarfin haƙoranta amma za ta jiƙa a shayi. Sista ta tsaya za ta ba ta magani, mu muka fara sauka. Benen dogo ne, a tsakiya numfashin yarinyar ya gaza, na zauna a kan matakala na ɗora ta a cinya ina jira ya daidaita. Ta kwantar da kai a ƙirjina, ina jin ƙirjinta yana ƙugi kamar tukunya a wuta. Can ta ɗago ta dube ni.

"Umma, ashe kin san sunana. Sake faɗi in ji."